Kafin ka taho Kaduna hutun Disamba, ka ciro batirin jirgin ruwanka

'Yan'uwa masu shirin tafiya Minnesota ko Kanada, ga wata magana da ba a faɗa muku a wajen sallama. Can ƙasar tafkuna ce. Minnesota kaɗai tana da tafki sama da 11,000, kuma ƙaramin jirgin kamun kifi na hannu ba ya wuce ƙarfin mutum biyu in sun haɗa kuɗi. Haka muka yi da wani abokin aikina a shekarata ta biyu. Da Disamba ta zo na lulluɓe jirgin da tamfol a bayan gida, na taho Kaduna bikin ƙanwata. A watan Afrilu na ɗaga murfin, na tarar batirin ya kumbura kamar burodi, gefensa ya tsage, ruwan asid ya ci katakon da ke ƙarƙashinsa.

Mu nan zafi muka sani yana kashe batir. Duk mai sola a Unguwar Rimi ko Barnawa ya san yadda ruwan batir ke ƙonewa a watan Maris. Can kuwa labarin daban ne, kuma ba sanyin ne kaɗai mai laifi ba. Batir mai cikakken caji ba ya daskarewa sai sanyi ya haura digiri 50 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. Amma in caji ya zube, asid ɗin yana komawa kusan ruwa zalla, sai ya daskare tun a wajen digiri 7 ƙasa da sifili, alhali a Janairu digiri 20 ƙasa da sifili ba abin labari ba ne a can. Ruwa in ya zama ƙanƙara yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, shi ya fasa nawa. Na bar wayoyi a jone, famfon kwashe ruwa da rediyo suna ta tsotsar wuta a hankali.

To ga yadda za ka yi. Tun a Oktoba, ka cika cajin, ka bar shi ya huta dare ɗaya, ka sa mita. In ta nuna volt 12.6 ko sama, lafiya lau. In ta sauka ƙasa da 12.4, a sake caji. Ka fara cire baƙar waya kafin ja, ka ɗauki hoton yadda suke tukuna, don bayan wata biyar ba za ka tuna ba. In mai ruwa ne, ka ƙara masa ruwan batir, ban da na famfo. Ka goge kawunan, ka shafa ɗan giris, ka kai shi gareji ko ɗakin ƙasa inda babu danshi. Akwai 'yar caja da ke yanke wuta da kanta in batir ya cika, ta sake kamawa in ya ragu. A ganina ita ce ta fi dacewa da irinmu masu doguwar tafiya gida, kuma kuɗinta bai kai na sabon batir ba. In ba ka da ita, ka roƙi wani ɗan'uwa ya riƙa yi masa caji sau ɗaya a wata.

Don Allah, batirin da ya daskare kada ka kuskura ka jona masa caja, yana iya fashewa a fuskarka. Na lityum kuma ba a yi masa caji in sanyi ya sauka ƙasa da sifili.

Shi jirgin kansa, ruwa ne abokin gabarsa. Ka fito da shi kan tirela kafin tafki ya kama, ka zare toshen ƙasa, ka ɗaga gabansa kaɗan. Injin ka bar shi a tsaye, farfela a ƙasa, ruwan cikinsa ya tsiyaye tas. Amma kafin wannan tsiyayarwar, ka zuba maganin hana fetur lalacewa a tanki, ka tayar da injin na 'yan mintuna da tiyon ruwa a jone. Tamfol ɗin a yi masa tudu kamar jinka don dusar ƙanƙara ta zame, a bar kafar iska, kuma kada a bar ko guntun biskit a ciki saboda ɓeraye, suna cin wayoyi.

Wanda ba shi da jirgi, motarsa ma haka take. In za ka bar ta a waje sati shida, ka cire baƙar wayar ko ka ba maƙwabci makulli ya riƙa zagayawa da ita rabin awa a mako.