Yadda tsohuwar laftof mai Windows XP za ta gane sabuwar MP3 ɗinka

Ɗan uwa in ka jona MP3 ɗin sai ka ga tana caji kawai amma bata fito a My Computer ba, kar kayi saurin cewa laftof ɗin ta mutu. Fara canza wayar USB ɗin tukuna, wasu wayoyin USB na caji ne kawai basa ɗaukar data.

In ba waya bace to wataƙila matsalar MTP ce, da shi sababbin na'urori suke magana da kwamfuta, XP kuma bata jinsa sai ka saka mata Windows Media Player 10 ko 11, shi 11 ɗin kuma sai tana da Service Pack 2 ko 3 (manyan update na XP) in ba haka ba bazai shiga ba. Amma ni nafi son hanya mai sauƙi, shiga settings na MP3 ɗin ka nemi USB Mode, irin su SanDisk Sansa suna dashi, ka maida shi MSC sai ta fito kamar filash ka kwafa waƙoƙi ko karatu kai tsaye.

In MP3 ɗin tana ɗaukar katin memori kuwa cire shi ka sa a kad rida. Lura dai, wanda ya wuce 32GB yawanci tsarin format ɗinsa exFAT ne, XP bata karanta shi sai da update KB955704.