Wane inji za ka ɗaura wa ƙaramin jirginka a Kaduna?

Ran Asabar ɗan ƙanwata ya same ni a zaure ina goge wani injin jirgin rimot, ƙaramin jirgin saman nan da ake tuƙawa daga ƙasa, da tsohon buroshin haƙori. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon sauran da na jera a kan tabarma, can ya ce, "Kawu, duk cikinsu wanne ya fi?" Na ce ya fara gaya mini inda zai samo man da zai zuba tukuna. Ya yi dariya, a zatonsa zolaya nake. Amma duk wanda ya taɓa kallon jirginsa a rataye jikin bango wata uku saboda jarkar mai ta ƙare, ya san da gaske nake. Mu nan Kaduna babu shagon da za ka shiga ka ce a ba ka galan ɗin man jirgin rimot, don haka zaɓen inji daga mai yake farawa.

In dai maganar so ce, nawa O.S. 46AX ne, kuma ba na ɓoyewa. Kamfanin na Osaka ne a Japan, Shigeo Ogawa ya fara ƙera injinansa tun 1936. Lambar 46 ɗin girman cikin silinda take nufi, wajen cc 7.5, abin da za ka rufe a tafin hannu. Mai bugu biyu ne, irin tsarin ƙaramin janaretan da ake haɗa wa fetur da mai, sai dai shi babu koyil, babu tartsatsi. A kansa akwai ɗan fulogi, cikinsa siririyar waya a nannaɗe wadda aka yi da gaurayen filatinam. Ka jona mata batir mai ƙarfin bolt 1.2 zuwa 1.5, ta yi ja wur kamar garwashi. Da inji ya tashi sai ka zare batirin, zafin ƙonewa da tururin metanol da ke taɓa filatinam ɗin su ci gaba da riƙe ta a ja. Shi ya sa in ka ɗura masa fetur ka ɓata lokacinka.

Man da yake sha haɗin abu uku ne: metanol, wani nau'in sifirit mai kama wuta, da man shafe ƙarfe kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, da naitiro, sinadarin da ke ƙara masa ƙarfi, kamar kashi 5 zuwa 15. Na gwangwani yana da wuyar shigowa, domin abu ne mai kama wuta, masu jigilar kaya ta jirgin sama ba sa ɗauka. Abin da nake yi shi ne tsohon haɗin nan na kashi 80 metanol, kashi 20 man zurma, ba naitiro ko ɗigo. Metanol a wurin masu sayar da sinadaran ɗakin gwaje-gwaje nake nema, mai tsabta, a rufe. Kada wani ya ce maka sifirit ɗin kyamis zai yi, akwai ruwa da wasu abubuwa a cikinsa. Man zurma ma tatacce nake saye, ba wanda aka zuba wa turare don gashi ba. Wannan haɗi yana tashi lafiya, illarsa kawai silo, wato gudun inji mafi ƙanƙanta, ba ya kwanciya sosai kamar in da naitiro, sai ka ɗan ɗaga shi. Fulogi mai lamba 8 na O.S. nake sa wa.

A kula da metanol. Guba ne, shan kaɗan yana makantarwa, kuma harshen wutarsa da rana kusan ba a ganinsa. Nawa a jarka mai rubutu yake, cikin akwatin ƙarfe da kwaɗo. Ban taɓa juye shi a gorar ruwa ba, gidan akwai yara.

To, ga yadda nake tayar da shi. Kafin komai tankin ya zama tsakiyarsa na daidai da tsayin kafireto, a naɗe da soso don kada girgiza ta sa mai kumfa. Tiyo ɗaya ya tafi kafireto, ɗaya ya fito daga salansa ya shiga tanki, shi ne ke tura mai. Farfela 11x6 nake ɗaurawa, wato tsawonta inci 11, a ɗaure ta tamau da sifana, ba da filaya ba. Kunna rimot ɗin hannu da farko, sannan na cikin jirgi. Sai allurar mai, wadda ke daidaita yawan man da ke shiga kafireto: murɗa ta ciki a hankali har ta tsaya, kada ka matse, sannan ka warware ta juyi biyu. Buɗe totur gaba ɗaya, batirin fulogi na aljihunka tukuna, ka toshe bakin kafireto da yatsa ka juya farfela da hannu kana kallon tiyo. Za ka ga mai yana rarrafowa. In ya iso, ƙara juyi biyu ka tsaya. Maida totur ƙasa, ɗan sama da silo. Wani ya riƙe maka jirgin ta wutsiya, ko ka kafa turaku biyu su tare fukafukan baya. Yanzu ka jona batir, ka bugi farfela saɓanin tafiyar hannun agogo in kana fuskantar jirgin. Da sanda ake bugawa. Tawa guntun muciya ce da na zura wa tiyon roba.

In ya yi tari sau biyu ya yi shiru, ƙara masa mai kaɗan. In kuwa farfela ta yi tauri ta ƙi juyawa, mai ya cika silinda. Kada ka tilasta, musamman da na'urar tayarwa ta batir, sandar fistin za ta lanƙwashe. Kwance fulogi, kifa jirgin, juya farfela man ya zube, ka mayar.

Da ya tashi, zagaya ka koma bayan farfela kafin ka taɓa komai. Wannan darasin da jini na koye shi. Wata safiya a shekarata ta biyu a harkar nan na miƙa hannu daga gaba zan taɓa allura, ina sauri saboda yaran unguwa sun taru suna jira. Farfela mai juyawa sama da sau dubu goma a minti ba a ganinta, inuwa kawai take zama. Na ji kamar an tsula mini bulala a yatsa, sai da na ga ɗigon jini a kan fiffike sannan zafin ya iso. Ɗinki huɗu aka yi mini, har yau in sanyi ya sauko wurin yana tuna mini.

Saita allura aikin kunne ne, kuma nan ne mutane ke kashe injinansu. Ba shi totur duka. In mai ya yi yawa za ka ji yana gurnani yana tsarto, hayaƙi fari na fita. Riƙa murɗa allurar ciki, ƙas ɗaya, ka saurara, ƙas ɗaya, ka saurara. Muryar za ta riƙa sirancewa har ta kai ƙololuwa, wani kuka mai daɗi da zai sa ka ce nan ne. Ba nan ba ne. Koma baya ƙas uku ko huɗu, har ya ɗan sassauta. Dalili kuwa, man shafawar cikin man shan yake, inji mai ƙishirwa yana gudu ne a bushe, kuma a sama sai ya ƙara ƙishirwa idan tanki ya yi ƙasa. Daga nan ka sa a ɗaga hancin jirgin sama tsaye na ɗan lokaci. In gudun ya tsaya ko ya ɗan ƙaru, madalla. In ya fara faɗuwa, buɗe allura. Na silo kuma, matse tiyon mai da yatsu: ya kamata ya ɗan ɗauki daƙiƙa uku ko huɗu, gudun ya ɗan ɗaga, sannan ya nemi mutuwa. In ya mutu nan take, ƙaramar allurar silo na son a buɗe ta; in ya daɗe yana ta gudu, a rage. Sabon inji kuwa tankunan farko a bar shi da mai isasshe, a kan benci. Nawa bencin a Panteka aka haɗa mini da ragowar ƙarfe, mai waldar yana ta tambaya ko injin ɗinki zan ɗaura.

Saitin jiya ba lallai ya yi yau ba. Iskar safiyar hunturu mai sanyi ta fi nauyi, tana son ƙarin mai. Da azahar a watan Maris, lokacin da kwalta ke narkewa, iskar ta yi sako-sako, sai ka ɗan rage, kuma ka sani jirgin zai ci fili mai tsawo kafin ya ɗaga.

Duk wannan yabon da na yi, jirgin da na fi fita da shi yanzu na fetur ne, mai DLE-20, ƙirar Sin, cc 20. Dalilin ba boyayye ba ne: kowane gidan mai a Kaduna yana sayar da abincinsa. Lita ɗaya ta fetur, mililita 33 na man bugu biyu, wato 30 da 1, da sirinji nake aunawa. Man 2T na gaske, ba baƙin man da ake tsiyaya wa janareta da ido ba. Ina tace fetur ɗin kafin ya shiga tanki, saboda hanyoyin cikin kafiretonsa sun fi ƙofar allura ƙanƙanta. Shi yana da fulogin tartsatsi da akwatin wuta mai batirinsa daban, kuma dole ka sa masa makashi da za ka iya kashe shi daga rimot. Allurai biyu gare shi, H ta gudu da L ta silo, in ka saita su sau ɗaya sai ka yi makonni ba ka taɓa ba. Abu ɗaya da sababbi ke mantawa: tiyon silikon da ake sa wa na metanol kumbura yake a fetur, na fetur daban ne, mai ruwan ɗorawa, haka murfin tankin. Yana shan mai kaɗan, ba ya yi wa jirgi wanka da maiƙo. Amma yana da nauyi, jirgi mai kilo huɗu zuwa biyar yake so da farfela kamar 16x6, ga jijjiga da ke kwance duk notin da ba a sa wa gam ba. Irin wannan in ya faɗo, ba gyaran yamma ɗaya ba ne. Ban ba ɗan koyo shawarar farawa da shi ba.

Akwai kuma masu bugu huɗu, irin Saito FA-82. Wani dattijo da muke fita tare yana da shi, in ya wuce ƙasa-ƙasa yana ɗuf-ɗuf-ɗuf sai kowa ya bar abin da yake yi. Na taɓa ce masa, "Alhaji, in ka gaji da shi ina layi." Ya ce in ci gaba da tsayuwa. Yana da tsada, yana son a riƙa duba tazarar bawul, kuma metanol ɗin nan dai yake sha, shi ma ya fi son da naitiro. Sha'awa ce ta wanda ya riga ya ƙware.

Ɗan ƙanwar tawa kuwa, na lantarki na haɗa masa, ko da yake raina bai so ba, don abu marar hayaƙi ba ya burge ni. Ƙaramin injin nan mai lamba 2212 da KV 1000, na'urar daidaita gudu mai amfiya 30, batirin LiPo mai gida uku na 2200, farfela 10x4.5, a jikin jirgin soso. KV ɗin yawan juyi ne a minti kan kowane bolt idan ba farfela. Ba allura, ba ƙishirwa, hankalinsa duk na kan koyon tuƙi, in ya dasa hanci a ƙasa gam ya isa. Dokar batirin kaɗai na sa ya haddace: kowane gida ya cika a 4.2, kada a tsotse shi ƙasa da 3.5 a sama, in za a ajiye a bar shi wajen 3.8. Ba a barinsa cikin mota a rana, ba a caji a kan katifa, wanda ya kumbura kuma ya gama aiki. Ni daga batirin mota nake caji a fili, ban dogara da a kawo wuta daren Juma'a ba.

Wurin tashi ma a yi hattara. Garin nan akwai filin jirgin sama, akwai sansanin sojan sama da barikoki, duk a yi nesa da su, kuma hukumar NCAA mai kula da harkokin jiragen sama ta Najeriya na da ƙa'idoji kan duk abin da ke tashi ba matuƙi, a nema a sani. A yanayin da ake ciki, mutum ya ga abu na shawagi bisa gonarsa hankalinsa tashi yake. Mu kafin mu fara zuwa filin da muke amfani da shi, sai da muka je gaida mai unguwa, muka nuna wa 'yan sintiri jiragen a hannu, muka nemi izinin mai gonar. Da damina in an yi shuka, mukan haƙura.

Abokan gabar inji a nan biyu ne, ƙurar hunturu da laimar damina. Waɗannan injinan ba su da matatar iska, duk abin da farfela ta tayar kafireto ke haɗiya, ƙura kuwa a cikin silinda yashi ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu nakan yayyafa ruwa inda zan tayar, ko in shimfiɗa tsohuwar darduma, kuma da na sauka sai in cusa guntun tsumma a bakin kafireto da na salansa. Damina ta fi mugunta a ɓoye, domin metanol janyo ruwa yake daga iska. Na taɓa ajiye wani inji mai araha da na saya ta intanet da sauran mai a cikinsa tun watan Yuli. Da na ɗauko shi bayan an cire amfanin gona, na juya farfela sai na ji ƙaras-ƙaras kamar ana tauna tsakuwa. Boris ɗin duka biyu sun yi tsatsa ja.

Tun daga ranar, in na gama tashin ƙarshe sai in zuƙe man tanki, in cire tiyo, in tayar da injin ya ƙone abin da ya saura har ya mutu da kansa. In kwance fulogi in ɗiga man inji mai laushi huɗu ko biyar ta ramin, ba ta kafireto ba don kada robobin ciki su lalace, in juya farfela sau goma, in mayar da fulogi. Jarkar mai a rufe ta ruf. Jikin jirgin a goge maiƙon zurma da ruwan sabulu tun bai kama ƙura ya zama ƙanzo ba. Sannan in zura wa injin tsohuwar safa in ɗaure da kyauro, in cire rigar filin a zaure, don uwargida ta ce warin nan ba zai ƙara shigar mata ɗaki ba.