Kurakuran da Masu Rubuta Labaran Soyayya a Zangon Kumasi Suka Fi Yi

A 'yan shekarun nan ƙannena mata da dama a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi sun kama rubuta labaran soyayya a waya, suna sakin su shafi-shafi a WhatsApp. Da yake sun san na daɗe ina karanta littattafan Kano, sukan turo mini in duba. Abin yana faranta mini rai, shi ya sa nake so in nuna musu inda aka fi yin tuntuɓe.

Na farko shi ne aron gari. Yarinya an haife ta a unguwar Alabar ta Kumasi, ba ta taɓa taka Najeriya ba, amma jarumarta tana zaune a Maitama ta Abuja, ana yi mata kyautar naira miliyan goma. Sai ka ji labarin ba gishiri, don ba ta san ƙamshin wurin ba. Marubutan Kano da suka taso tun shekarun 1980 sun samu karɓuwa ne saboda lungunsu suka rubuta. Ke ma dawo da masoyanki gida. Su haɗu a layin sayen waakye (shinkafa da wake) da safe, ko a cikin trotro (motar haya) daga kasuwar Kejetia, ya turo mata sidi hamsin ta MoMo (tura kuɗi ta waya) ta rasa ko ta karɓa ko ta mayar. Abin da ke raba masoya a Zango ma ya ishi littafi goma: saurayin da ya bi hamada zuwa Libya aka daina jin ɗuriyarsa, kuɗin lefe, maigidan haya da ke neman kuɗin shekara 2 a dunƙule kafin a samu ɗakin amarya, uban da ya ce 'yarsa ba za ta auri Badagombe ko Bakotokoli ba alhali a sahu ɗaya suke sallah.

Wanda ya fi ci mini rai kuwa shi ne mayar da mugunta soyayya. Kwanaki wata ƙanwata ta turo mini labarinta. Jarumin miskili ne mai kuɗi, an ɗaura masa auren dole da 'yar ƙanin mahaifinsa. Ya mare ta a daren farko, ya ƙwace wayarta, ya kulle ta a ɗaki kwana uku. Kafin shafi na 40 har ta fara kishinsa, tana dafa masa abin da ya fi so. Na kira ta na ce, "Ƙanwata, in mijin yayarki ne ya yi mata haka, so za ki kira shi?" Ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, masu karatu ne ke son irinsa." To, su wa ke karatun? 'Yan mata ne 'yan sakandare, kuma abin da suka haɗiya a littafi da shi za su auna mazajensu gobe. A Ghana akwai dokar hana cin zarafi a cikin gida tun 2007, akwai sashen 'yan sanda na DOVVSU da aka ware don irin wannan ƙara. Dokar yara ta 1998 kuma ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure, don haka jaruma 'yar shekara 14 da aka kai ɗakin mai shekara 35 tausayi take buƙata daga alƙalaminki. Ba wanda ya hana a rubuta mugun miji, ai akwai su. Amma a kira abin da sunansa, a nuna ciwon da ya bari, in zai tuba a ga ya sha wuya kafin a yafe masa. Balaraba Ramat Yakubu ta yi haka a Alhaki Kwikwiyo Ne tun 1990, inda miji ya kori uwar 'ya'yansa, ta kama sana'ar abinci ta riƙe su, shi kuma alhaki ya bi shi.

Sai kishiya da uwar miji, waɗanda kullum suna gidan boka. Da zarar an ce asiri ne, marubuciya ta huta da bayanin dalilin da ya sa miji ya juya baya. A ba kishiyar nan dalili, a ji tsoron da ke cinta. Haka ciwon zuciyar da ke kama jaruma rana ɗaya likita ya ce a ba ta wanda take so, wannan ya tsufa, a bar iyaye su sauko ta hanyar magana.

Kyau ma an ƙuntata shi: fara tas, dogon hanci, gashi har gadon baya. Muna kallon yadda man bilicin ke ƙona fuskokin 'yan matanmu, bai kamata littafinmu ya ƙara zuga su ba. A rubuta baƙa kyakkyawa a so ta a haka.

Game da harshe, na ga wasu suna jin kunyar Hausarmu ta Zango, suna tilasta wa tsohuwa mai koko a Aboabo ta yi magana kamar mai karanta labarai a rediyon Kaduna. A bayanin labari a kiyaye ƙa'ida, a bambance "ya" da "ta", a sa ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ. A bakin mutane kuwa a bar su yadda suke, har da kalmar Twi da ke faɗo wa mai koko idan tana ciniki.