Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen buɗe sabon fakej a cikin rifo

Wallahi na gaji da gyara abu ɗaya. Mutum yana da rifo, wato foldar da Git (manhajar adana tarihin canje-canjen fayiloli) ke bibiya tuntuni, zai ƙara sabon fakej a ciki, sai ya shiga sabuwar foldar ya buga `git init`, umarnin buɗe sabon rifo, saboda haka ya gani a bidiyo. Haba malam, ai .git ɗin, ɓoyayyiyar foldar da Git ke ajiye tarihi a ciki, na can sama, wani kuma na meye? Wani lokacin ma manhajar da ta gina maka fakej ɗin ce ke yi a ɓoye, shi ya sa `rails new` da `ng new` suke da `--skip-git`, shi kuwa `cargo new` da kansa yake dubawa, in ya ga rifo sai ya ƙyale.

Abun haushin shi ne Git yana faɗa maka. Kana `git add` zai yi gargaɗi cewa rifo ne a cikin rifo, amma wa ke karantawa? Lambar kwamit (ajiyar canje-canje a tarihin Git) na rifon ciki kawai zai ajiye, fayil ko ɗaya ba zai ɗauka ba, ka tura hankalinka kwance, duk wanda ya sauko da aikin ya tarar da folda wayam. Akwai wani yaro da muka yi aiki tare, ya yi ta rubutu a irin wannan foldar, kwamfutarsa ta mutu, muka duba GitHub, shafin da ake tura rifo, babu komai sai suna, ni da shi muka kwana muna sake rubutawa. Gyaran ba wuya: goge .git na ciki, `git rm --cached sunan_folda`, sannan ka sake `git add`. Amma don Allah buga `pwd` tukuna ka ga foldar da kake ciki, in ka goge na waje duk kwamit ɗin da ba ka tura ba sun tafi kenan. Ni dai kafin na taɓa komai `git rev-parse --show-toplevel` nake bugawa, in ya nuna hanya to rifo na nan.

Sai masu `git add .` ido rufe, su kwashe node_modules da venv (foldojin fakej ɗin da aka sauko) har da .env mai ɗauke da mabuɗan sirri, daga baya su rubuta .gitignore, jerin abin da Git zai ƙyale, suna mamaki bai yi aiki ba. Ba zai yi ba! Abin da Git ya riga ya kama sai `git rm -r --cached`. In fayil ya wuce 100 MB GitHub ba zai ma karɓa ba. Mabuɗin sirri kuwa in ya shiga tarihi canza shi kawai, gogewa ba ta cire shi.

In foldar na nan `cargo init` ko `poetry init` ake yi, `new` wata foldar zai sake haƙa maka a ciki. Kar ka sa wa fayil suna random.py a Python, zai tare random na asali da ke zuwa da Python. Kuma ka yi kwamit kafin ka gina fakej ɗin, in an taka maka README sai `git diff` ya nuna maka.