Yadda za ka bi ƙungiyarka ba tare da ta yashe maka aljihu ba

Gidan kallo gare ni a nan Damagaram, tele biyu da bencina da janareto. Duk sanda aka buɗe kasuwar ƴan wasan ƙwallon ƙafa, wato tsakiyar shekara da watan Janairu, gardamar da ke tashi a ƙofata ta kuɗi ce. Wane an saye shi miliyan kaza, wane yana ɗaukar kaza a mako, wane ya ci amanar ƙungiya don kwaɗayi. Sau da yawa mai ɗaga murya fiye da kowa yana da bashin shiga na daren Talata a littafina. Shawarar da zan bayar wani sashenta zai rage mini ciniki, amma na gwammace mai zuwa da tsari da mai zuwa da bashi.

Fara da koyon karanta lambar da ka gani a waya. In an ce an sayi ɗan wasa kan miliyan kaza, kuɗin ƙungiyar da ta sake shi ne, ba nasa ba. Da PSG ta ɗauke Neymar a 2017 kan yuro miliyan 222, Barcelona ce ta karɓa. Juya shi zuwa kuɗinmu ba wuya, tunda sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957: ya kama biliyan 145 da ɗoriya. Ka yi wannan lissafi sau ɗaya don ka san girman abin, daga nan ka bar shi, don ba ya ƙara maka komai sai hawan jini. Tambayar da ta fi amfani ita ce me aka yi da kuɗin. Barcelona ta zuba su kan Dembélé da Coutinho, kuma a watan Agustan 2020 Coutinhon nan, yana zaman aro a Bayern Munich, ya zura mata biyu a daren da aka yi mata 8 da 2. Ƴan Barça na layinmu har yau ba sa son a tuna musu. Don haka in ƙungiyarka ta sayar da tsada, dakata da murna. In ta saya da tsada, dakata da kuri.

Ka kuma sani ba kasafai ake zube kuɗin gaba ɗaya ba. Yawanci biya ake yi kashi-kashi cikin shekaru, kuma a cikin jimillar da jarida ta buga akwai ƙarin da sai an cika sharaɗi za a ba da shi: in ya buga wasa kaza, in an ci kofi, in an shiga gasar Zakarun Turai. A littafin ƙungiya kuwa, raba kuɗin ake yi bisa shekarun yarjejeniya. Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne mutanenmu suka fi ruɗewa. Chelsea ta sayi Enzo Fernández a Janairun 2023 kan fam miliyan 106 da wani abu, ta ba shi yarjejeniyar shekara takwas da rabi. Raba ka gani: a takarda, abin da ya hau kanta kowace shekara bai kai miliyan 13 ba. Da dabarar ta yi yawa, a wannan shekarar UEFA, hukumar ƙwallon Turai, ta ce daga yanzu ba a raba kuɗin fiye da shekara biyar, ko yarjejeniyar ta kai goma.

Wannan lissafi shi zai fahimtar da kai abin da ke ƙona ran magoya baya, wato sayar da ɗan gida. Yaron da ya taso a makarantar ƙungiya ba a saye shi ba, saboda haka duk abin da aka samu a kansa riba ce zalla a littafi. Mason Mount ya bar Chelsea zuwa Manchester United a 2023, Conor Gallagher ya tafi Atlético Madrid a 2024, dukansu ƴan gida. Kafin ka zagi yaro da butulci, bincika ko shi ya nemi tafiya ko kuwa ma'aji ne ya nuna masa ƙofa. Dokar kashe kuɗi tana da haƙora: a kakar 2023 zuwa 2024 an zaftare wa Everton da Nottingham Forest maki a Ingila. Messi ma a 2021 ya yarda a rage masa rabin albashi, duk da haka ƙa'idar albashi ta La Liga ta hana Barcelona yi masa rajista, ya fita yana hawaye.

In ka ji an ce ɗan wasa ya zo kyauta, kamar Mbappé zuwa Real Madrid a 2024, abin nufi kawai tsohuwar ƙungiyarsa ba ta samu ko dala ba. Tun hukuncin Bosman da kotun Turai ta yanke a 1995 ɗan wasan da yarjejeniyarsa ta ƙare yake da ƴancin tafiya haka. Kuɗin da za a ba ƙungiya sai ya koma kuɗin sa hannu da albashi mai kauri da ladan dillali. Ƴan Madrid, ku daina cewa a banza kuka same shi.

Batun albashi kuma, kada ka haɗa lambobi biyu sai ka san irinsu ɗaya. Jaridun Ingila na mako suke bugawa, kafin a cire haraji, kuma a can mai babban albashi kashi 45 cikin ɗari ake cira daga saman abin da ya samu. Na Italiya sun saba buga na shekara, bayan an cire. Na sha ganin mutum biyu sun kusa kai wa juna hannu a kan wa ya fi wani albashi, alhali ɗaya na mako yake riƙe da shi, ɗayan na shekara.

Ni dai ra'ayina, ba na jin haushin ɗan wasa don ya karɓi abin da aka miƙa masa. Shekarun aikinsa kaɗan ne, gwiwa ɗaya ta tsinke an gama, kuma in bai karɓa ba aljihun mai ƙungiya za su zauna, ba wanda zai rage maka kuɗin kallo. Sadio Mané ya gina asibiti da makaranta a ƙauyensu Bambali da irin wannan albashi. Abin da nake so ka riƙe shi ne inda kuɗin ke fitowa. Gasar Firimiya ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta a cikin Birtaniya kaɗai kan fam biliyan 6.7 na kaka huɗu daga 2025, ban da na ƙasashen waje. A cikin na wajen akwai kuɗin dikodar da nake sabuntawa kowane wata, wanda daga dala ashirin ɗinka ta shiga nake tara shi. Kana cikin masu biyan albashin da kake zagi.

To yanzu sai naka lissafin, wanda shi ne ka isa da shi. Ɗauki takarda. Wasannin lig 38 ne a Ingila ko Sifaniya. Gasar Zakarun Turai tun 2024 ta mai da zagayen farko wasa takwas maimakon shida. Ka ga 46 ke nan kafin a zo kofunan gida da zagayen sili ɗaya ƙwale. A wajena shiga sefa 100 ne, amma ba wanda ke tsayawa a nan. Akwai shayi, akwai tsire in an ci, akwai kabu-kabun komawa gida, don a lokacin sanyi wasan Talata da Laraba ƙarfe tara na dare yake farawa, sai wajen sha ɗaya a tashi, mutumin Kara-Kara ko Garin Malam ba zai taka da ƙafa ba. Ka sa 500 kowane dare: jaka 23 a kaka, fiye da rabin mafi ƙarancin albashin wata na ƙasar nan, wanda yake jaka 42. Ban sa forfen intanet da ke ƙarewa wajen bin jita-jitar wa zai koma ina ba.

Yadda za ka rage shi: zaɓi wasanninka tun farkon wata. Jadawali a fili yake. Ware na dole, irin su Kilasiko, wato karon Real Madrid da Barcelona, da manyan darare na Turai, sauran ka ji sakamako a rediyo ko ka kalli taƙaitaccen bidiyo da safe. Kuɗin ƙwallo na wata ka cire shi gefe bayan an auna hatsi an biya mai ruwa. In ya ƙare ranar ashirin ga wata, ƙwallo ta ƙare maka sai wata ya kama. In fadarku ta kai mutum goma sha, ku yi asusu ku sayi dikoda ɗaya, ku naɗa ma'aji wanda ba mai zafin ƙungiya ba, ku rubuta tun farko wane wasa za a sa in biyu sun yi karo. Rashin rubuta wannan ya watsa wata fada da na sani, har da raba butar shayi. Ku kuma sa kuɗin man janareto a cikin karo-karon, kun dai san halin wutarmu.

Riga kuwa, ƙungiyoyin nan kowace kaka sai sun canza ta, da gangan. Ta asali a Turai ta haura yuro 80, sama da jaka 52, don haka mu nan wadda ake kawowa daga Kano muke sawa, ko ta gwanjo a kasuwar Dole, kuma ba abin kunya ba ne. Juya ta ciki ka duba ɗinkin hammata da na wuya, ka murza tambarin da yatsa. In na liƙi ne mai ƙyalli, wanki uku zai fara ɓarewa. Sayi ta bara, ta fi araha. Kuma don Allah kada ka sa a buga sunan ɗan wasa a baya. Yara nawa ne ke yawo a Birni da rigar PSG mai sunan Mbappé?

Caca ba zan yi mata dogon bayani ba. Malamai sun gama magana a kanta, ni kuma daga inda nake zaune ina ganin sauran. Yaro ya shigo da takarda mai wasa goma a jere, yana goyon bayan ƙungiyar da ya tsana saboda tana cikin takardarsa, minti na 90 ya yi a rama ƙwallo ɗaya, ya fita ko sallama babu. Na ce wa ɗaya, "Ƙanena, wasan ka zo gani ko takarda?" Ya ce, "Yaya, saura ɗaya fa ta shiga." Kullum saura ɗaya ne. In ka cire caca daga lissafinka, duk sauran kashe-kashen masu sauƙi ne.

Wasu za su ce mu ba mu da ta cewa a wannan kasuwa. Gaskiya ne, ba irin ta masu zuwa fili ba. A Fabrairun 2016 dubban ƴan Liverpool sun fice daga filinsu na Anfield a minti na 77 saboda tikitin fam 77, masu ƙungiya suka janye. A Afrilun 2021 zanga-zangar magoya baya ta rusa shirin Super League, gasar da manyan ƙungiyoyin Turai suka so ware wa kansu, cikin kwana biyu. Mu daga nan ko mun fice daga gidan kallo, ni kaɗai zan ji a jikina.

Inda kuɗinka ke da nauyi shi ne filin garin nan. Espoir ta Damagaram ta taɓa ɗaukar kofin lig na ƙasa a 1984, Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, ta je gasar Afirka a 2012 da 2013, Moussa Maazou daga ASFAN ta Yamai ya tashi zuwa Lokeren ta Beljiyam har CSKA Moscow. Cikin dararen da ka rage, mai da kuɗin biyu ko uku tikitin wasan gida. In kuma kana da ƙane ko ɗa mai buga ƙwallo da gaske, tabbatar ƙungiyarsa ta yi masa lasisi a hukumar ƙwallon ƙasa, FENIFOOT, tun yana ƙarami. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin sayen ɗan wasa ga ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23, amma da takardar rajista ake bin wannan haƙƙi. Je ka tambayi kocin yaron ya nuna maka katin da idonka, ka duba an rubuta sunan da ranar haihuwa daidai da takardar haihuwarsa.