Ka ajiye kaki ka samu wani aiki? Kurakuran da ke taɓa fanshonka

Na gaji da ganin abokan aikinmu suna faɗawa ramin da na faɗa. Ɗan sanda ya cika shekara 35 yana aiki, ko ya kai 60 da haihuwa, ya yi ritaya, fansho bai kai shi tsakiyar wata, sai ya karɓi aikin shugaban masu gadi a wani kamfani. Ba laifi, ni ma haka na yi a 2017. Rikicin daga takardun ranar farko yake somawa.

Babban kuskure shi ne buɗe asusun fansho na biyu. Ranar da na kama aiki, wani yaro a ofishin ma'aikata ya turo mini fom ya ce, "Baba, cike nan, kowa sai ya cike." Na cike ban karanta ba, aka ba ni sabuwar lambar PIN, wato lambar asusun fansho. Alhali a tsarin PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, mutum asusu ɗaya gare shi har ya koma ga Allah, kuma na farkon shi ne halastacce. Kuɗin da aka riƙa cire mini suka maƙale a wancan asusu. Wata goma sha ɗaya ina jele da jakar leda cike da fotokwafi, kuɗin mota kaɗai ya cinye albashin wata guda. Haba jama'a! Mu da muka ƙare rayuwa muna hana mai laifi sa hannu sai an karanta masa bayaninsa, mu ne za mu dangwala hannu a takarda ido rufe? Yanzu lambar NIN takan tona rajista biyu, amma har yau ina ganin masu cike fom ɗin. Ni dai PIN ɗina na rubuce a bayan katin ritaya, duk wanda ya kawo fom shi nake miƙa masa. In za a zuba wani abu, asusun farkon zai shiga a matsayin tarin ganin dama, wato kuɗin da mutum ke zubawa don ra'ayin kansa.

Na biyu, sauya tsarin karɓa don albashi ya dawo. Dillalan inshora suna da daɗin baki, za su ce ka kwashe abin da ya rage ka sayi fanshon har mutuwa. Wannan ƙofa ba ta buɗewa ta baya: ka bar tsarin cirewa wata-wata ka koma inshora, ba dawowa. A tsarin farko, abin da ya rage a asusu na magada ne. A inshora kuwa lamunin shekara 10 ne: in ka rasu cikinsu iyali su karɓi ragowar shekarun, bayansa ba su da komai. Wani Sufeto da muka yi aiki tare a Gusau ya sa hannu a zauren gidansa, ko uwargida bai shawarta ba. Na ce masa, "Oga, da ka kwana uku a kai." Ni ba na sa hannu a takardar kuɗi ranar da aka kawo ta.

Sauran ƙanana ne. Aikin kwantiragi na gwamnati ba ya ƙara maka shekarun fansho, kada ka ɗora lissafi a kansa. Ribar tarin ganin dama akwai haraji in ka cire kafin shekara 5. Ka sauya layin waya, ka sanar da kamfanin fanshonka a makon. Wanda ya yi ritaya a tsohon tsari hukumar fansho ta PTAD ce ke biyansa, ya daina bin layinmu. Sunan da ke NIN kuma ya dace da na takardar ɗaukar aiki harafi da harafi, don Muhammad da Mohammed sun isa su tsayar da fayil.