Yadda Za Ka Zaɓi Motarka Ta Farko Mai Ja Da Ƙafa Huɗu, Ta Daji Da Ta Iyali

A wajenmu duk mota mai tsayi da faɗin ƙirji jif ake ce mata, kuma daga nan ne masu sayen farko suke soma ruɗewa. Mutum zai tara kuɗinsa ya sayi mota mai kwarjini, damina ta faɗi ya nufi ƙauye da iyalinsa, ya shiga wani ɗan taɓo, motar ta kafe, ƙafafun baya suna ta wulwulawa na gaba ko motsi ba sa yi. A ranar ne zai gane cewa da ƙafa biyu motarsa take ja. A Amurka, inda tokumbo da yawa suke fitowa, ana sayar da 4Runner da Pathfinder da Highlander iri biyu, mai ja da ƙafa huɗu da mai ja da biyu, jikinsu ɗaya fentinsu ɗaya. Saboda haka abin da za ka fara tabbatarwa shi ne wannan, kuma kada ka dogara da maganar dillali ko da rubutun da aka manna a bayan mota. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta. A 4Runner ko Pathfinder ta kafin 2013 za ka ga wani ƙaramin akwatin giya a bayan babban giyabos, da sanda da ta fito daga cikinsa ta nufi ƙafafun gaba. A Highlander ko RAV4 kuwa, waɗanda asalinsu da gaba suke ja, sandar da ta miƙe zuwa ƙafafun baya za ka nema. Idan babu ita, magana ta ƙare.

Ko a cikin masu ja da huɗun ma akwai bambanci, kuma bambancin ne zai gaya maka inda motar za ta iya kai ka. Akwai irin su Hilux, waɗanda a kan kwalta da ƙafafun baya suke tafiya, sai direba ya shiga yashi ko laka sannan ya sa 4H, wato giyar ja da ƙafa huɗu, in abin ya yi tsanani ya tsaya ya sa 4L, wato giyar ja da huɗu mai ƙarin ƙarfi. Irin wannan ba a barin ta a ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta, domin gaba da baya a ɗaure suke da juna, idan aka sha kwana ƙarfen yana murɗewa, tayoyi su cinye, wata rana wani abu ya karye. Akwai kuma irin su Prado da Land Cruiser 100 da Lexus GX 470, waɗanda kullum a ƙafa huɗu suke, suna da na'ura a tsakiya mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, wadda ake kullewa idan hanya ta yi muni. Kashi na uku su ne RAV4 da CR-V da Highlander, masu tura ƙarfi baya idan gaba ta zame, amma ba su da giyar ƙarfi ta 4L, kuma ba a gina su a kan firam ɗin ƙarfe daban kamar babbar mota ba. Giyar 4L ɗin nan ita ce ma'auni. Ita take ba mota damar tafiya sannu da ƙarfi mai yawa, ta hau tudu da kaya ba tare da ƙona kuloci ko zafafa giyabos ba, ta kuma sauko gangara ba tare da direba ya danne birki har ya yi wari ba.

To, wacce kake bukata? Hanya mafi muni da kake bi a kai a kai ita za ta ba ka amsa, ba wadda kake mafarkin bi wata rana ba. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari da burjin gona da ɗan kwazazzabon da ruwa ya yanka, RAV4 ko Highlander mai ja da huɗu ta ishe shi, za ta fi masa sauƙin mai da taushin tafiya. Amma wanda yake hawa dutsen Mambilla zuwa Gembu, ko yake ratsa rairayin Yusufari a Yobe, ko yake shiga baƙar lakar firki ta wajen Dikwa da Marte bayan an yi ruwa, ko fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, wannan yana bukatar 4L da firam da tsayin ciki na akalla santimita 20 daga ƙasa. Ba banza ba direbobin da suke bin hanyar Agadas zuwa Dirku suka riƙe Hilux da Land Cruiser.

Sai dai motar da ta dace da hamada ba lallai ta dace da uwargida da yara ba, kuma a nan ne nake ganin maza suna yanke hukunci su kaɗai alhali ba su za su zauna a baya ba. Hilux mai ƙofa huɗu gwana ce a aiki, amma bayanta a kan sifirin ganye yake, wanda aka yi don ɗaukar buhuna, idan babu kaya sai ta riƙa tsalle tana jijjiga na baya, kujerar bayan ma a miƙe take, kayan tafiya kuma suna waje a rana da ƙura da ruwa. Idan ba kai amfanin gona ne rabin aikinka ba, ka duba mai rufaffen jiki. Prado da GX 470 da Pathfinder da Pajero sukan zo da layin kujeru na uku, sai dai layin nan na yara ne, kuma da zarar an buɗe shi wurin kaya ya kusan ƙarewa. Ranar gwaji ka je da iyalin, a ga yadda tsohuwa za ta hau ta sauka, a ga ko sanyin na'ura yana kaiwa baya, a kuma ja kowane bel a tabbatar yana kamawa. Ka kuma sani cewa mota mai tsayi ta fi saurin kifewa a kwana, kuma ja da ƙafa huɗu ba ya ƙara wa birki komai.

A ganina, ga mai sayen farko da yake son mota ɗaya ta yi masa daji da gari, Prado ƙirar 120, wadda aka yi daga 2002 zuwa 2009, ko 4Runner ta 2003 zuwa 2009 mai ja da huɗu, su ne suka fi zama a tsakiya. Dalilin ba ya wuce bakanike da kayan gyara. A Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, kayan Toyota ba sa wuyar samu, kuma bakaniken ƙaramin gari ma ya taɓa kwance irin injin. Prado tana zuwa da injin fetur mai lita 2.7 da silinda huɗu, wanda yake da juriya amma yana nishi idan an cika motar aka nufi tudu, da kuma mai lita 4.0 da silinda shida, wanda ya fi dacewa da nauyin jikinta. GX 470 'yar'uwar Prado ce a firam, da inji mai lita 4.7 da silinda takwas, ga daɗin zama, ga shan mai, bayanta kuma a kan jakunkunan iska yake, waɗanda idan suka tsufa sukan zubar da iskar motar ta zauna. Pathfinder ta 2005 zuwa 2012 ta fi araha kuma a kan firam take, amma waɗanda aka yi tsakanin 2005 da 2010 an san su da matsalar lagireto da yake zubar da ruwa cikin man giyabos, don haka sai a tambaya ko an canza shi. Daga 2013 Pathfinder ta koma motar gari. Pajero tana da tsari mai kyau da yake ba da damar tafiya da ƙafa biyu ko huɗu a kan kwalta, sai dai an daina ƙera ta a 2021, kuma masu gyaranta ba su kai na Toyota yawa ba.

Batun mai ba abin rainawa ba ne tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Injin gas, wato dizal, ya fi tsimin mai da ƙarfin ja, amma sababbin injinan gas masu allurar feshi ta zamani ba sa jure gurɓataccen mai, gyaran allurar kuwa yana da tsada. Wanda zai riƙa shan mai a jarka a bakin hanya ya fi samun kwanciyar hankali da fetur.

Idan ka ware motar da ta kwanta maka, ka zo da bakanikenka, ba na mai motar ba, kuma ka iso da sassafe kafin a tayar da inji, domin inji mai sanyi ba ya ɓoye ƙara da hayaƙi. A ɗaga ta a duba firam. Motocin da suka fito daga arewacin Amurka da Kanada sun sha gishirin da ake zubawa a hanya lokacin ƙanƙara, tsatsa takan ci firam ɗinsu ta ciki, sabon baƙin fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota kuwa abin tuhuma ne. A ɗaga dardumar ƙasa a shinshina, a duba ƙarƙashin kujeru, domin motar da ambaliya ta taɓa shanyewa takan bar busasshiyar laka da tsatsa a wurin, kuma wutarta ba ta sake zama lafiya. Lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17 takan fito da tarihin motar Amurka a intanet, har da haɗari da nisan da ta yi. Daga nan a fita da ita kan ƙasa, ba kwalta ba, a sa 4H a yi tafiya, a tsaya a sa 4L, a kulle tsakiya idan tana da makulli, a ga fitilar ta kama ta tsaya ba ta ƙyaftawa. Motoci da yawa sun yi shekaru ba a taɓa sa su a 4L ba har abin ya sandare, wasu kuma an cire musu sandar gaba gaba ɗaya don ɓoye wata matsala.

Takardu ma sai an yi musu zama na musamman. A farkon 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma motar da ta bi ɓarauniyar hanya ko aka yi mata takardar kwastan ta jabu ana iya kama ta a hannunka ko da kai ne na uku da ya saye ta, saboda haka ka kai takardun ofishin kwastan a tantance kafin ka biya. Ka guji wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu. Nijeriya ta koma tuƙi a gefen dama na hanya tun 1972, shi ya sa ake juya motocin da suka fito daga Japan ko Ingila, kuma aikin walda a sitiyari da birki ba abin da za ka ɗora 'ya'yanka a kai ba ne.

Kada ka ƙarar da kuɗinka a kan farashin mota. Ka rage abin da za ka canza baƙin mai da man giyabos da na ƙaramin akwatin giya da na aksul gaba da baya, sannan tayoyi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 yana nufin mako na 23 a 2019, kuma tayar da ta haura shekara shida zafin watan Afrilu ba zai yi mata sauƙi ba ko da zanenta bai goge ba. Ka sayi tayoyi huɗu iri ɗaya girma ɗaya, masu matsakaicin zane da aka yi don kwalta da daji, a kan rim mai inci 16 ko 17, domin siririyar taya a kan babban rim ado ce kawai, dutse ɗaya ya ishe ta. Safaya ta zama cikakkiya, jak ya zama mai iya ɗaga nauyin motar, ka haɗa da guntun katako da za a ɗora shi a kai a ƙasa mai taushi, da shebur, da igiyar ja, da famfon iska, saboda a yashi rage wa tayoyi iska ake yi, kuma dole ne a mayar da ita kafin a hau kwalta.